Yadda Mai Ƙaramar Sana'a a Amurka Zai Tsare Kansa Daga 'Yan Damfara Bayan An Bayyana Sunayen Masu Rancen Korona

Duk mai sana'ar da ya karɓi rancen gwamnati a Amurka lokacin korona, ya sani ko bai sani ba, bayanansa suna fili. Hukumar SBA, wadda ke kula da ƙananan sana'o'i, ta fara sakin sunaye ranar 6 ga Yuli 2020, amma na waɗanda suka karɓi dala 150,000 zuwa sama kaɗai. Manyan kafofin labarai irin su Washington Post da New York Times da ProPublica suka kai ƙara, alƙali James Boasberg ya ba su gaskiya a watan Nuwamba, ranar 1 ga Disamba 2020 kuma aka saki na kowa da kowa, har direban tasi da mai kitso da mai shagon kayan miya da suka karɓi 'yan dubbai.

Aikina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi ne da cike musu takardun haraji, akasari mutanenmu na unguwar Bronx a birnin New York da kewaye, kuma abin da zan zayyana nan shi ne abin da nake yi da duk wanda ya shigo da wasiƙa a hannu yana tambaya ko gaskiya ce. Kada ka ce maganar ta tsufa. Rancen PPP, wato na biyan albashin ma'aikata wanda ake iya yafewa, ya rufe tun 31 ga Mayu 2021, amma na EIDL, wato bashin da SBA da kanta ta ba sana'o'in da annobar ta taɓa, shekara 30 ake biyansa a kan ruwan kashi 3.75 cikin ɗari, sannan a Agusta 2022 aka sa hannu a dokar da ta ba gwamnati shekara 10 ta bincika zamba a rancen nan biyu. Muddin ana biya, muddin ana bincike, 'yan damfara suna da abin fakewa.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. Mutum ya kira ka ya faɗi sunan shagonka, da adadin kuɗin da ka karɓa daidai, da bankin da ya ba ka, da ranar da aka amince, wannan ba ya nuna daga hukuma yake. Yaro mai waya zai iya samo duk wannan cikin minti biyu.

Abubuwan da za ka tanada

Jakar takardu guda ɗaya, ta rancen kaɗai. A ciki a sami yarjejeniyar rancen da ka sa wa hannu, da fom ɗin neman yafiya da ka cike (3508 ne, ko 3508EZ, ko 3508S), da wasiƙar da ta tabbatar an yafe, da takardun albashi da na haya da na wuta da ka nuna a lokacin.

Katin bankinka ko takardar bayanin asusu ta ƙarshe, domin lambar wayar da ke jikinsu ita ce za ka riƙa kira.

Littafi na rubutu da biro, a ajiye kusa da wayar shago.

Waya ko kwamfuta mai intanet, da imel ɗin da ka yi rajistar rancen da shi. Idan wani ne ya cike maka a lokacin, kuma da nasa imel ɗin ya yi, ka rubuta wannan a shafin farko na littafin, za mu dawo kansa.

Sai awa biyu zuwa uku da ba ka da ciniki.

1. Ka fara ganin abin da ɓarawo yake gani

Shiga pandemicoversight.gov ko data.sba.gov, ko shafin ProPublica na bin diddigin PPP, wanda ya fi sauƙin bincike a waya. Rubuta sunan sana'arka, sannan sunanka na kanka, sannan adireshin shago, sannan na gida. Na EIDL za ka same shi a usaspending.gov.

Abin da za ka gani: suna, adireshi, adadin rance, sunan bankin da ya bayar, ranar amincewa, irin sana'ar, yawan ma'aikatan da ka ce kana da su, kuma a bayanan baya-bayan nan har da lambar rance da nawa aka yafe. Kwafe su duka cikin littafi, ka sa musu kai: "abin da kowa ya sani". Masu aikin kansu, irin direbobin Uber da masu ɗinki a gida, su ne abin ya fi shafa, don sunansu na yanka da adireshin gidan da suke kwana ne suka fita.

Yanzu lura da abin da babu. Babu lambar shaidar mutum ta Social Security, babu lambar harajin sana'a ta EIN, babu lambar asusun banki, babu kalmar sirri. Waɗannan su ne mai kiran yake farauta. Yana ba ka abin da yake da shi ne don ka cika masa abin da ya rasa, kamar mai saye da ya nuna maka rabin takardar kuɗi ya ce ka kawo ɗaya rabin ya duba.

Idan ka ga rance da sunanka ko adireshinka wanda ba kai ka nema ba, tsallaka zuwa mataki na 7 yanzu.

2. Ka san ainihin matsayin bashinka

Mafi yawan waɗanda aka cuta, ba su san ko an yafe musu ko ba a yafe ba. Wanda bai san matsayinsa ba, duk abin da aka faɗa masa sai ya zauna masa a rai.

Don EIDL, buɗe asusu a MySBA Loan Portal, a lending.sba.gov. Rubuta adireshin da hannunka a saman burauza, kada ka nema a Google ka latsa na farko, domin na farkon sau da yawa talla ce. A ciki za ka ga ragowar bashi, da ranar biya, da abin da ka biya a baya. Don PPP, bankin da ya ba ka ne ke riƙe da maganarka. Kira lambar da ke bayan katinka ko ka taka zuwa reshe, ka nemi su ba ka shaidar yafiya a rubuce.

Waɗanda suka karɓa ta hannun kamfanonin intanet, ba banki mai gini ba, su kan sha wahala nan, domin wasu kamfanonin sun rufe ko sun miƙa bashin ga wasu. Idan haka ne, duba layin da ke nuna mai kula da rancen a bayanan SBA, ko ka kira SBA ta lambar da ke sba.gov su faɗa maka wa ke riƙe da shi yanzu.

Wanda kuma wani ya cike masa da imel ɗin da ba nasa ba, ya sauya imel da lambar waya su koma nasa a yau. Ba zargin kowa ake yi ba. Amma wasiƙun bashinka suna shiga akwatin mutumin da wataƙila ya bar garin, ko ya sayar da kwamfutarsa, wannan ba daidai ba ne.

3. Ka koyi kamannin tarkon

Nan ne ya kamata ka daɗe, domin dabarun ba su da yawa, riga kawai suke sauyawa.

Na farko mai "taimakon yafiya". Zai ce fayil ɗinka ya maƙale, ko an sake buɗe shi, amma da dala ɗari biyar zai warware. Neman yafiyar PPP kyauta ne, ta banki ko ta shafin da SBA ta buɗe a Agusta 2021, da farko don rancen da bai wuce dala 150,000 ba. EIDL kuwa bashi ne da ake biya, in ban da ɗan tallafin farko da aka bayar daban. Duk wanda ya ce zai sa a yafe maka EIDL idan ka biya shi, ka ajiye waya.

Na biyu mai barazana. Muryarsa a kame, ya ce shi mai bincike ne daga SBA ko ma'aikatar shari'a, an gano kuskure a yawan ma'aikatan da ka rubuta, kuma idan ba ka biya tara kafin ƙarfe biyar ba za a rufe asusunka. Idan ya ji harshenka ya gane baƙo ne kai, sai ya ƙara da maganar takardun zama da 'yan shige da fice. Wannan ita ce ke karya gwiwar mutanenmu, har wanda takardunsa suke cikakku. Hukumar gwamnati ba ta karɓar tara ta katin kyauta na Apple ko Target, ko ta manhajar tura kuɗi ta Zelle, ko Bitcoin, ko ta ɗan aike da zai zo ƙofar shago. Da ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, magana ta ƙare.

Na uku imel ko saƙon tes mai tambarin SBA, yana cewa ka latsa nan ka sabunta bayananka. Tun Agusta 2020 hukumar CISA mai tsaron intanet ta yi gargaɗi a kan wani shafi na jabu da aka kwaikwayi na SBA don satar kalmomin sirri. Imel ɗin hukumar na gaskiya yana ƙarewa da sba.gov, babu ƙari a bayansa. Ka danna sunan mai aikowa ka ga cikakken adireshin. Sba-gov.com ko sba.gov.help ba nata ba ne. Ko da ya yi daidai ma, ni ban yarda a latsa ba, domin ana iya jabun wannan ma. Fita daga saƙon, ka shiga asusunka ta hanyar da ka saba, idan akwai magana za ka tarar da ita a can.

Na huɗu wasiƙa ta gidan waya, kuma ita ce ta fi kama da gaskiya. Rancen EIDL da ya wuce dala 25,000 yana da jingina, SBA tana rubuta wannan a rajistar jiha da takardar da ake kira UCC-1, kuma ta riga ta cire dala 100 na wannan aikin daga kuɗinka tun farko. Rajistar nan ma a buɗe take ga kowa. Sai ka ga farar ambulan mai hoton gaggafa, da lambar fayil, da "ranar ƙarshe" da jan rubutu, ana neman dala tamanin ko casa'in don a aiko maka kwafin takardar. Juya ta, ka duba can ƙasa inda rubutu ya yi ƙanana kamar tururuwa. Yawanci za ka ga sun rubuta da kansu cewa su ba hukumar gwamnati ba ne kuma wannan ba takardar biya ba ce. Wannan layin ne suke fakewa da shi. Ba ka bukatar kwafin, in ma kana so, ofishin jiharka zai ba ka a kan kuɗi kaɗan.

Na biyar mai "sabon tallafi". Ya ce tunda ka cancanci na farko, an ware maka zagaye na gaba, ka turo takardun banki na wata uku da hoton lasisin tuƙi. Wasunsu ɓarayin bayanai ne, wasu kuma masu ba da bashi ne mai ruwa kamar wuta da ke cire kuɗi daga asusunka kullum. Tun Afrilu 2020 hukumar FTC mai kare masu saye ta maka wani kamfani na jihar Rhode Island a kotu saboda yana tallata kansa da sunan da ya yi kama da na shirin SBA alhali ba shi da izinin ba da rancen.

Akwai na shida wanda ba a son faɗa. Wani lokaci mai kiran da Hausa zai yi maka sallama, ko da Zabarmanci, ya ce, "Alhaji, wane ne ya ba ni lambarka, mun san juna a masallaci." Ya tambayi iyali, ya tambayi gida, sannan ya gangaro kan rance. Kunya ce makaminsa. Amsar da nake koya wa mutane ba ta da rashin ladabi ko kaɗan: "Na gode, Malam. Maganar kuɗin shago ba ni kaɗai nake yanke ta ba, bari in nuna wa akanta." Mai gaskiya zai ce to. Maras gaskiya zai fara cewa lokaci na ƙurewa.

4. Kafa dokar shago

Doka ɗaya ce: ba a ba da bayani, ba a tura kuɗi, a kan kiran da ba mu muka yi ba. Wanda ya ɗauki waya ya rubuta sunan mai kira, da inda ya ce yake aiki, da lambar da ta fito, da abin da yake so, sannan ya ce za a neme shi. Daga nan kai ka kira hukumar ko bankin ta lambar da ke jakarka, ba wadda shi ya bayar ba, ba kuma wadda ta fito a fuskar waya ba, domin ana iya sa sunan bankinka ya bayyana a can.

Kuskuren da aka fi yi shi ne maigida ya san dokar, yaran shago ba su sani ba. 'Yan damfara sun fi son lokacin da ba ka nan, ranar Juma'a da rana ko daf da rufewa. Ka zaunar da kowa, har uwargida idan tana taɓa asusun, har ɗanka da ke karanta maka imel don ya fi ka Turanci. Ka gaya musu ƙarara cewa ba za ka taɓa yi wa wani faɗa don ya jinkirta biya ya tambaye ka ba.

Dokar ta shafi masu kawo maka kaya. Idan imel ya zo daga dilan da ka saba da shi yana cewa sun sauya asusun banki, kira shi ta tsohuwar lambarsa ka ji daga bakinsa.

5. Ɗaure asusun banki

Mutane da yawa ba su san cewa kariyar da doka ta ba asusun mutum na kansa ba ta kai ga asusun sana'a ba. A asusun kanka kana da kwana 60 daga fitowar takardar bayani ka yi ƙorafin kuɗin da aka cire ba da izini ba. A na sana'a, abin da yarjejeniyarka da banki ta ce shi ne, kuma ga cirewar ACH, wato kuɗin da wani kamfani ke ja kai tsaye daga asusunka, yawanci maganar kwana ɗaya ko biyu na aiki ake yi. Saboda haka duba asusu sau ɗaya a wata ba ya wadatarwa. Kullum da safe, kafin ka ɗaga ƙofa.

Je reshe ka nemi abu uku. A kunna maka saƙon gargaɗi a kan duk kuɗin da ya fita. A sa maka shingen ACH, yadda sai kamfanonin da ka lissafa ne kaɗai za su iya cirewa. Idan kana rubuta caki, tambayi tsarin Positive Pay, wanda banki ba ya biyan caki sai ya dace da jerin da ka ba shi. Wasu bankunan suna cajin kuɗi a kan na biyu da na uku. Idan ya yi maka tsada, buɗe asusu biyu: ɗaya na ajiya wanda ba ka ba kowa lambarsa, ɗaya na hada-hada da kake zuba masa abin da za a kashe a mako.

Kunna tabbaci mai hawa biyu a banki da imel. Sannan kira kamfanin layinka su sa lambar sirri da za ta hana a ɗauke layin zuwa wani sim, domin wanda ya sace layinka shi zai riƙa karɓar lambobin da banki ke turowa.

6. Rufe ƙofar sabon bashi da sunanka

Daskarar da tarihin bashinka a Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, duka ukun, ɗaya bayan ɗaya. Kyauta ne tun 2018, kuma kana iya buɗewa duk ranar da za ka nemi bashi da kanka. Duba rahotonka a annualcreditreport.com. Nemi lambar IP PIN a shafin hukumar haraji, irs.gov, mai lamba 6 da ake sauyawa duk shekara, don kada wani ya cike haraji da sunanka.

Sau biyu a shekara ka leƙa rajistar kamfanoni ta jiharka ka tabbatar adireshi da sunayen masu kamfani ba su sauya ba. Yi rajistar Informed Delivery ta gidan waya, kyauta ce, tana nuna maka hoton wasiƙun da ke tafe.

7. Idan an riga an taɓa ka

Banki tukuna, kafin kowa, kafin ma ka kira ɗan'uwanka ka ba shi labari. Ka ce a haɗa ka da sashen zamba, a dakatar da kuɗin ko a nemi dawo da su, a sauya lambar asusu idan ka bayar da ita. Kuɗin da aka tura kai tsaye tsakanin bankuna, wato wire, awoyin farko ne ake da begen kamo su. Sai ka shigar da ƙorafi a ic3.gov na FBI a ranar, da reportfraud.ftc.gov. Idan ta wasiƙa aka zo maka, masu binciken gidan waya a uspis.gov. Saƙon tes kuma ka tura shi zuwa 7726, lambar kai ƙarar saƙonnin damfara. Kada ka goge komai, ɗauki hoton saƙonni, ajiye ambulan da tambarinta.

Idan rance aka ci da sunanka, fara da identitytheft.gov ka fitar da rahoto, ka kai wa 'yan sanda ka karɓi nasu, sannan ka cike fom 3513 na SBA wanda aka yi don satar suna, ka kuma sanar da ofishin babban mai bincike na hukumar. Ta ɓangaren haraji, fom 14039 ne na mutum, 14039-B na sana'a. Kada ka biya ko dala ɗaya a kan bashin da ba naka ba don kawai wasiƙu su daina zuwa.

Ka sa ran kira na biyu bayan 'yan makonni, daga wanda zai ce shi lauya ne ko jami'i da zai dawo maka da kuɗinka idan ka biya kuɗin aiki. Sau da yawa mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayi sunanka a hannunsu.

8. Kada tsoron jabu ya sa ka yar da ta gaske

Wannan ma yana faruwa, kuma asararsa ba ƙarama ba ce. Idan ka daina biyan EIDL, SBA tana miƙa bashin ga Baitulmalin Amurka, wanda ke iya riƙe rarar harajinka, ya ƙara kuɗin tara mai nauyi, ya kuma ba kamfanonin karɓar bashi masu zaman kansu aikin nemanka. Wasiƙarsu tana iya zama ta gaske ko da sunan kamfanin baƙo ne a wurinka. Haka kuma akwai masu tace bayanan nan da aka saki suna neman wanda ya karɓi abin da bai cancanta ba, su kai ƙara a madadin gwamnati a ƙarƙashin dokar False Claims Act don a ba su kaso. Takardar kotu ko ta ma'aikatar shari'a tana iya zuwa da gaske.

Hanyar tantancewa ba ta sauya ba: nemo lambar ofishin da kanka a shafinsa mai ƙarewa da .gov, ka kira, ka karanta musu lambar da ke kan wasiƙar. Idan suka tabbatar tasu ce kuma maganar bincike ce, kada ka yi bayani a waya, kada ka gyara ko ka yaga wata takarda, nemi lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da cibiyar SBDC ta yankinsa ko ƙungiyar SCORE, masu taimaka wa ƙananan sana'o'i, suna ba da shawara kyauta kuma za su nuna masa inda ake samun taimakon shari'a mai sauƙi.

Takardun da ke cikin jakar nan, ƙa'idar PPP ta ce masu babban rance su ajiye su shekara 6 bayan yafiya ko kammala biya, masu ƙarami ƙasa da haka. Tunda ƙofar bincike shekara 10 ce, ni 10 nake ce wa kowa, a takarda da kuma hoto a wuri na biyu da ba cikin shago ba.